Tambaya ta Goma Sha Bakwai

A Kanazawa ruwan sama ba ya gajiya.
Kwana uku yana dukan rufin asibiti,
ni kuwa ina ciki, takardu sun binne teburina,
ina neman ma'aunin idon da ya bushe.
Ido ba mudu ba, ya san kima.
To shi idon, wa zai auna nasa kukan?

Farfesa Kuroiwa ya ce in rage.
Tambaya sittin ta yi wa lafiyayye yawa,
balle wanda layi uku ke sa shi runtsawa.
Na yi ta sokewa har jan birona ya ƙafe,
suka dawo goma sha shida.

A makon jiya, idonka ya yi raɗaɗi?
Ko kaɗan. Jefi-jefi. Sau da yawa. Kullum.
Karatu fa? Tuƙin dare? Kallon waya?
Akwati huɗu, zaɓi ɗaya.

Genzo, direban bas, ya cike tasa a tsaye.
Ya ce, likita, nawa zuba yake yi.
Iskar mota na taɓa shi sai ruwa shar,
ruwan banza da ba ya jiƙa komai.
Wata fasinja ta taɓa miƙo min hankici,
ta ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa.
Ya yi dariya har yana riƙe ƙofa.

Sai Hatsue Mizobuchi, ran Alhamis,
lemarta na ɗiga a bakin ƙofa.
Shekara arba'in tana ɗaukar ganyen zinariya
da tsinken gora, ganyen da numfashi ke yagawa.
Yanzu duk rabin awa sai ta ja baya,
ta ɗaga kai, ta ɗiga magani,
ta jira, kar ɗigo ɗaya ya ɓata aikin yini.

Ta bi tambayoyin da yatsa, a hankali,
ta sa alama sha shida, ta ajiye fensir.
Ba ta tashi ba.

Ta ce, bara mijina ya rasu.
Na zauna a sahun gaba, hayaƙin turare
yana shiga idona kamar barkono.
Ƙirjina ya cika har wuya,
amma ko ɗigo.
Ƙanwarsa ta dube ni sau biyu,
har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta hanya.
Ta turo min takardar da yatsa ɗaya:
Ina akwatin wannan?

Daren nan na rubuta ta goma sha bakwai:
Ka taɓa neman hawaye ka rasa?

Mutum ɗari biyu da tara muka gwada.
Shida kaɗai suka ce e.
Lissafi ya ce ba ta tafiya da 'yan'uwanta,
ta ware gefe kamar baƙuwa a gidan biki.
Farfesa bai yi faɗa ba. Ya miƙo min nasa biron.
Gaskiyarsa ce, na sani. Na soke.

An buga takardar da sha shida, tsaf,
ana rabawa a asibitoci huɗu.
Amma in marar lafiya ya ajiye fensir
bai miƙe ba,
nakan kife takardar, in yi ta da baki.

Ƙarfe goma yanzu. Ruwa bai tsaya ba.
Hasken kwamfuta ya cika min ido da rairayi.
Na laluba aljihu, kwalbar ta kusa ƙarewa.
Jefi-jefi, zan ce, in an tambaye ni.