Farashin da Ba a Tayawa

Ɗan ƙanwata Yahuza ya zo Mai Wurno daga Sinja,
ya zauna kan buhun dawa a ɗakin injina,
kwamfuta bisa cinya,
wai zai nuna mini inda kuɗin wuta ke fitowa.

"Kawu, yanzu ba mutum ke yankawa ba.
Algoridim ne, lissafi mai bin taki ɗaya-ɗaya.
Ba ya karɓar goro, ba shi da suruki."

Na ce to, me yake ci?

Yana cin tsawon waya, in ji shi,
da shekarun taransifoma,
da albashin masu hawa falwaya,
da ribar da hukuma ta yarje wa kamfani,
da wutar da ta zube a hanya,
har da wadda aka sata a unguwar da ban taɓa takawa ba.
Ya tauna duka, ya tofo lamba guda.
Lambar nan ce ke jirana a mita.

Shekara talatin da ɗaya ina niƙa.
Na san mudun da aka bubbuga wa gindi,
na san hannun da ke rawa in ya zo tsakiri.
Amma mai awo ko azzalumi ne
yana da fuska.
Ka taya, ya ce albarka,
ka juya baya, ya kira ka.

Wannan fa?
Ina zan same shi in gaishe shi da gajiya
kafin in faɗi abin da ya kawo ni?

Na tambayi yaron: akwai gidan da aka rubuta
Larabar da wuta ta ɗauke tun hantsi,
jiƙaƙƙiyar dawar Asma'u ta kisira
ta yi tsami a layi har la'asar,
na biya ta daga aljihuna?

Ya duba. Ya gangara ƙasa, ya hau sama.
"Akwai awowin ɗaukewa, Kawu. A dunƙule."

A dunƙule.
Har da ni, har da Asma'u, har da tsamin.

Ban ce ƙarya yake ba.
Tun da ya zo, ba wanda aka rage wa don ya san wani.
Wannan na yarda.

Da yamma na raka Yahuza bakin kogi.
Na ce in ka koma, ka buɗe masa gida ɗaya,
ko ƙarami ne,
ka sa masa suna Laraba.

Ya yi dariya. Bai rubuta ba.
Na dawo na kakkaɓe garin da ya sauka kan mita
don in ga saura nawa.