Makullin Akwatin Ƙarfe

Shekara sha tara ina sayar da magani a Ƙofar Marusa.
Na san tarin gaske, na san tarin da aka koya.
Na gaske da majina yake zuwa,
na koyo da kuɗi a dunƙule,
ba ya jiran canji.

Da 'yan majalisa suka gama nasu, doka ta iso mana
da akwatin ƙarfe da littafi mai layi-layi:
sunan likita, hatiminsa, kwanan wata,
ƙwaya nawa ta shiga, ƙwaya nawa ta fita.
In lissafi ya karkace da ƙwaya ɗaya tak,
kwaɗo a ƙofa, ni gaban alƙali.

Ban yi gunaguni ba, ina da dalili.
Barau ɗan yayata a kan bencin nan ya fara.
Ni na miƙa masa kwalbar farko
don ya ce ƙirjinsa na kuka.
Yau yana bakin kwata a Sabuwar Unguwa
yana ƙirga motocin da ba su wuce ba.
Uwarsa har gobe tana gaishe ni.
Da zagi ta yi, da na fi samun barci.

Daren Laraba, ruwa ya ɗauke bayan isha,
sai ga Tasalla, matar Iro magini.
Ciwon daji ya cinye masa ƙugu.
Na taɓa jin ihunsa ta katanga,
mutumin da ke saɓa siminti buhu biyu yana raha.
Ta kwance bakin zani, ta fito da takarda.
Ruwa ya riga ni karanta ta:
hatimi ya narke ya zama shuɗin tabo,
sunan likita saura harafi uku.

A bayanta wani saurayi, turare, farin takalmi,
takardarsa busasshiya, hatimi raɗau,
harshensa ne kaɗai ke jan ƙafa.
Doka ta ce a ba mai takarda.
Na ce bari in buga wa likitan waya.
Kafin in gama danna lamba
ya tuna ya bar wani yana jira.

Tasalla ta ce, “Malam Sanda, ka fa san shi.
Daɓen da kake tsaye a kai, hannunsa ne.”
Na dubi ƙasa. Ko tsaga babu.
Makulli a aljihuna ya yi nauyin dutsen niƙa.
Taku biyu ne tsakanina da akwati,
ƙwaya goma tsakanin Iro da barci,
amma taku biyun nan na yi wa Barau.

Ban buɗe ba.
Ta dube ni, kallon da ba zan so a maimaita mini ba.
Na ja ƙofa, na tare mata Napep,
na bi su a baya da babur, taɓo har gwiwa.
A Babban Asibiti muka zauna kan benci
har ɗaya ta gota.
Likitar dare, yarinya ce sa'ar 'yata,
ta ajiye shayinta, ta nemo fayil, ta rubuta.
Hatiminta ya bushe, sai da ta hura masa iska.

Ƙarfe biyu da kwata na juya makulli.
Na rubuta: goma ta fita.
An ce Iro ya yi barci har hantsi,
har ya tambayi wa ya ari cebur ɗinsa.

Bayan sadakar uku Tasalla ta dawo
da ƙulli a leda, ƙwaya huɗu.
Ta ce, “Kar yara su gani.”
Na buɗe littafi, na bi shi da yatsa.
Ga layin shiga, ga layin fita.
Babu layin abin da ya dawo.

Suna nan a ƙasan akwati, cikin ledarsu.
Ranar da masu bincike suka zo
lissafina zai haura da huɗu.
Ina ta shirya yadda zan faɗa musu.