Bakin Fangali

Shekara talatin ina ban ruwa a bakin Galma,
na san halin ruwa in ya rasa hanya:
ya kwanta, ya yi shiru, ya ruɓar da saiwar albasa.
Ban zaci zan tarar da shi kwance
a hannun hagun Kuluwa ba.

A Shika suka cire maman, suka kwashe kaluluwar hammata,
suka gasa wurin. Muka ce an gama.
Wata biyar, sai zobe ya ƙi fita.
Wani maƙeri a Tudun Wada ya yanke shi
tana kallon bango.
Hannun riga ya matse, aka farke,
ya sake matsewa.

Sista Rifkatu ta juya tafina, ta ga kanta, ta yi dariya:
"Malam, ba cuɗa kanwa da dusa za ka yi ba.
Kamar shafa kan jinjiri ranar suna.
Fata za ka motsa, ka ƙyale tsoka.
Kuma ba daga yatsu ake farawa ba,
gindin wuya tukuna, sai hammatar da ke lafiya.
Ka buɗe wa ruwa inda za shi kafin ka koro shi."

Na ce ai wannan sana'ata ce.
Wa ke sako ruwa bai fasa bakin fangali ba?

Yanzu bayan lisha, in yara sun yi barci,
ta ɗora hannun bisa matashi biyu.
Wuya. Kafaɗa. Ƙirji, inda tabon yake,
nan ne dukanmu muke ɗauke numfashi.
Dantse, gwiwar hannu, can ƙarshe yatsu,
a hankali, kullum ana yin sama.
Sai man kaɗe, sai bandeji.

Ran Juma'a muna awo da tef ɗin tela,
Bishir ya rubuta a bayan littafin lissafinsa.
Wani mako ya ragu. Da zafin bazara ya dawo,
ta yi kuka, na rasa ta cewa,
na koma gindin wuya.

Daren jiya ta ce, ba ta dube ni ba:
"Sai da ciwo ya zo ka iya riƙe hannuna."
Kunya ta kama ni, na ce ta bar motsi.

Da asuba zan fita lambu
na hango ta a bakin randa,
hannu biyu a sama,
tana ɗaura kallabi da kanta.
Ya karkace. Ban faɗa mata ba.