Sayen Iska

Leza ta iso shagona ranar wata Talata.
Na ja mata waya, na ware mata kusurwa,
na ɗora katako, na ce bismilla, yanka.

Ta yanka. Amma gefen ya fito baƙi ƙirin.
Sunan makarantar da aka ba ni in sassaƙa
kamar an tsamo shi daga cikin murhu,
harafin farko gawayi, na ƙarshe toka.

Hayaƙi ya tashi ya zauna a idon gilashi,
sau uku na goge da auduga kafin azahar.
Na buga wa Nafi'u, shi ya riga ni shiga sana'ar.
Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam,
wuta ka sayo, ka manta ba ka sayo mata iska."

Ƙofar Ruwa, rana na dukan ƙeya.
Oga Uchenna ya fito min da wata 'yar mitsitsiya,
irin ta masu kiwon kifi, ba ƙara, ba cin wuta.
Na tara tafin hannu a bakin tiyo:
numfashin jariri.
Kwali za ta iya, ko siririyar fata,
katako mai kaurin yatsa kuwa, nan za ta sauka.

Sai ya janyo wata ja, mai ƙafafun taya,
ƙanwar ta masu faci a bakin titi.
Da ya kunna ta sai da kwanon shagon ya amsa.
Na tuna Tasi'u tela, bango ɗaya ya raba mu,
mutumin da ko rediyo ba ya so bayan la'asar.
Na tuna janaretana, tsoho mai ciwon ƙirji,
da fanka biyu ma yake nishi,
ina ga an ɗora masa wannan hauka.

Kuma mai take sha, mai take tofarwa.
Ɗigo ɗaya ya bi tiyo ya sami gilashi,
ribar mako guda ta tafi, sai kuka.

Na ce, "Oga, ba ƙarfin bugu kaɗai nake tambaya ba.
Lita nawa take hurawa a minti?
In aiki ya kai awa, za ta jure
ko za ta yi zafi ta bar ni a tsaka?"

Ya dube ni, ya daina murmushin kasuwa.
Ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da fara,
marar mai, tankinta lita hamsin,
muryarta ba ta wuce ta firji ba.
Ya faɗi kuɗi. Na ce albarka, na juya.
Na kai bakin layi, na tsaya, na dawo.
Kuɗin babur ne da nake tarawa tun bara.
Na ƙirga masa, na ƙara da geji
da 'yar kwalbar da ke tare ruwa,
don damina na tafe, ta riga ta nuna fuska.

A cikin adaidaita na rungume ta kamar mara lafiya,
kowane rami a Kabuga sai na ce wayyo.
Can na tuna kakana, maƙeri ne,
zugazuginsa na hura wuta don ta ci.
Ni kuma, jikansa, na biya kuɗin babur
don in hure ta, kar ta ci fiye da abin da na ba ta.
Da yana raye da ya girgiza kai,
ya ce zamani ne ya zo da haka.

Na haɗa tiyo, na murɗa geji kaɗan-kaɗan.
Harafi ya faɗo, gefensa launin zuma.
Tasi'u ya leƙo, allura a leɓe:
"Yau ba ka aiki ne?"
Na miƙa masa harafin, yanka kamar na aska.

Da magariba na kwance ƙasan tanki.
Rabin kofi na ruwa ya zubo a siminti.
Ashe duk yinin nan yana ɓoye a iskar Kano,
muna shaƙa, ba mu sani ba,
sai da na biya kuɗinta na farka.