Kusurwa Uku

Haliru, miƙo gwangwanin madarar nan.
Haƙori ɗaya ya rage a ciki,
mai kusurwa uku, mai riga ruwan zinariya,
wanda na biya kuɗin tiya biyar ta gero
kafin aka sako mini shi a motar Kano.

Mode ya baro Wurno tun kiran assalatu
da sandar injin ban ruwa naɗe a buhu.
Ya ce albasarsa kwana huɗu ba ta sha ba.
Na ƙwanƙwasa ƙarfen, na goga masa magagari,
magagari ya zame kamar ya taka kuɓewa.
Na ce, wannan gauraye ne,
dangi da yawa aka dafa a tukunya ɗaya,
kowanne ya zo da taurin kan gidansu.

Na fara aika masa haƙori marar riga,
irin wanda nake wasawa da hannuna.
Bi biyu ya yi, ya dawo da baki a dakushe,
yana ƙauri, yana neman gafara.

Shi wannan ƙarfe ba ya sallamar zafi.
Sauran ƙarafa sukan bai wa ɓarɓashi wutarsu ya tafi da ita,
shi kuwa sai ya tara ta a bakin mai yankansa.
In ka lallaɓa shi, ya ƙara tauri.
In ka yi masa gaggawa, ya cinye ka.
Baba Cika ya koya mini haka a nan bayan Kara,
da ɗan yatsa huɗu da rabi.

Na ɗaura mai riga. Bisimilla.
Na rage gudu, na zurfafa ci,
Haliru na tsiyaya farin ruwa daga gora.
Ɓarɓashi ya fito yana nannaɗewa kamar yaɗon kabewa,
fari, sannan ruwan ƙasa, sannan shuɗi.
Rigar nan ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba,
amma ita ke tsaye tsakanin wuta da ƙashi.

Kunne ke fara sani.
Kukan injin ya sirance, ya koma na sauro.
Na tsayar, na kai haƙorin bakin ƙofa wurin haske:
zinariya ta kau daga gefe,
wani baƙin layi ya kwanta kamar kwalli.
Kusurwa ta farko ta yi abin da ta zo yi.
Na juya.

Ta biyu ba ta tsufa ba, kashe ta aka yi.
Ana tsakiyar ci aka ɗauke wuta,
ƙarfe ya kama bakinta ya riƙe,
na ji ɗan ƙas, kamar an fasa gyaɗa.
Mode ya dube ni. Ban ce komai ba.
Muka yi azahar, muka zauna muna kallon ƙwan lantarki.

Da aka kawo wuta, saura tsawon taƙi guda,
saura kusurwa guda.
Ban taɓa tafiya a hankali haka ba
ko ranar da na ɗauko uwata daga asibiti a babur.
Haliru ya daina taunar rake.
Zufa na ɗiga daga haɓata, ban share ba.

Ta kai. Da ƙyar, amma ta kai.
Na ɗora awo, ya zauna daidai,
fuskar ƙarfe sumul, har ina ganin hulata.

Mode ya ƙirga abin da ke aljihunsa,
bai kai kuɗin haƙorin ba.
Ya ce sauran sai an cire albasa.

Haliru, kada ka yar da shi.
Mayar da shi gwangwani wurin 'yan'uwansa.
Duba tsakiyarsa, inda bai taɓa aiki ba,
har yanzu zinariya ce.