Inda Ruwa Ke Kwana

Ni ne na riƙe musu igiya.
Ina saurayi, naira biyu a wuni,
ina kafa turaku, katafila na bin sawuna
tana huci kamar bijimin da ya ga wuƙa.
Kwana bakwai kogin ke yi tsakaninmu da Auyo.
Cikin rani guda muka miƙe shi samɓal,
muka tsaya a gaɓa muna tafi.

Suna kawai muka bar masa, Maikwana,
ga shi tun ran nan bai sake kwana garinmu ba.
Ya iso da asuba ja wur,
ya wuce kafin hantsi, ko gaisuwa babu,
ya yagi gaɓa, ya kwashi taki da ruwan feshi
ya kai wa na ƙasa da mu su sha.

Ruwan da bai zauna ba, yaushe laka za ta kwanta?
Inna Dije sau uku take tace shi da ɗankwali,
duk da haka tuwo ya fito da kalar bango.
Karfasa ta rasa inda za ta ajiye ƙwai.
Kawara ta yi ƙaura.
Gorar da nake su da ita
tantabaru suka gaje ta.
Jikokina ba su san ɗanɗanon bado ba.

Bana sai ga wata yarinya da takalmin roba har gwiwa,
Injiniya Basira, 'yar Kafin Hausa.
Ta ce taswirar tsohon kogi gara ta cinye a ofis,
"Baba Ɗanliti, an ce kai ka san hanyarsa ta dā."
Na daɗe ina kallon ƙasa.
Wa ya fi mai binnewa sanin kabari?

Na ce mata, bi giyayya.
Giyayya ba ta ƙarya.
Ga su can tsakiyar gonaki a jere, a karkace,
shekara arba'in suna gadin ruwan da babu.
Na sake riƙe igiya,
wannan karon na bar ta ta yi tafiyar maciji.

Kwana ta uku ta faɗa a gonar albasar Haladu.
An biya shi diyya, an ƙirga a gaban mai unguwa.
Ya ce kuɗi ba sa tsiro.
Har yau in na yi sallama
rabinta yake amsawa.
Ban ga laifinsa ba.

Ranar da ake haƙa kwarin da ruwan sama ke taruwa
cokalin katafila ya ɗago curin laka,
curin ya motsa.
Gaiwa ce, a naɗe, tana cin jikinta tana jira.
Yara suka yi kanta da sanda.
Sabi'u direba ya kashe inji, ya sauko,
ya sa ta a bokitin alwalarsa.

Kututturan da muka sha wahalar cirewa
su aka jawo aka mayar cikin ruwa,
wai ɗakin kwanan tarwaɗa ne.
Mata suka dasa burugu a gaɓa.
Na yi dariya har da hawaye,
ban san na wanne ba ne.

Uku aka gyara cikin bakwai, kuɗin suka ƙare.
Basira ta ce za ta dawo. Allah ya sa.

Jiya bayan sallar asuba na sauka kwana ta biyu.
Ruwan yana nan, bai tafi ba,
ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin giyayya.
Na tsoma ƙwarya, na ga ɗinkin da ke gindinta.
Can gefe zalɓe guda ɗaya, ƙafa ɗaya,
bai yarda da mu ba tukuna.
Haladu na hayi yana wanke fartanya.
Bai ɗago ba,
amma na ga ya kamfata ya kurɓa.