Shaidar Zomo

Ƙarfe bakwai na yamma a Porto,
ruwa tun Talata bai ɗauke ba.
Na kashe fitilun ɗakin bincike, na bar ɗaya,
na zauna gaban madubin ƙara girma
da gilasai goma sha biyu a faranti.

Kowace ƙwayar halittar jiki tana sanye da rigar sukari,
ba irin na shayi ba,
wani ne mai rassa, siriri kamar gemun masara.
Da shi maƙwabta ke shaida ta,
da shi take cewa, ni 'yar gida ce.
Can cikinta akwai maɗinki, inzayim muke ce masa,
shi ke ƙara baki, shi ke datse zare.
Idan ciwon daji ya sauka a tumbi
ɗinkin ma yakan sauya.
Shekara huɗu ke nan ina neman maɗinkin nan.

Ido ba ya kai masa, sai an tura ɗan aike.
Wani zomo da ban taɓa gani ba
aka yi wa allura, jininsa ya ƙera garkuwa
wadda ba ta san fuskar kowa ba sai ta maɗinkin.
Haka dai takardar kamfani ta rantse.
Ta iso cikin ƙanƙara,
a kwalbar da ba ta kai ƙaramin yatsana ba,
kuɗinta hayar ɗakina ta wata guda.
Duk inda ta kama, wurin ya rine ruwan ƙasa.

Shekara biyu tana rine mini, ina gaskata ta.
Na ɗauki hoto, na ƙirga, na rubuta.
Farfesa Custódio har kek ya sayo mana.

Sai Belmiro, ɗalibin da ba ya iya shiru,
ya kawo ƙwayoyin da ya cire wa maɗinkin tun daga tushe.
Ya ce, Idalina, gwada a nan,
gidan da babu kowa bai kamata a amsa sallama ba.
Na gwada.
Aka amsa.
Ruwan ƙasa ko'ina, har gefen gilashi.

Kama da wane ba ta wane.
Wani ɗan uwan maɗinkin ta riƙe duk tsawon lokacin,
ni kuma ina ta yi mata godiya.
Ban zargi zomo ba,
abin da aka nuna masa ya ƙera wa makami.
Ni ce ban tambayi shaida ko ta san mutumin ba.
Ran nan na sauka har bakin kogin Douro,
na tsaya ina kallon tsuntsayen teku suna faɗa kan kan kifi.

Mahaifina masunci ne a Matosinhos.
Ya fara barin rabin abincinsa a kwano,
ya ce gishiri ne ya yi yawa.
Wata bakwai muka yi.
Gilashi na tara a farantin nan
na wani ne mai shekarunsa, sittin da ɗaya,
lamba kawai aka ba ni, babu suna.

Yau sabuwar kwalba, sabon zomo.
Na fara da gidan da babu kowa.
Na murɗa, na daidaita, na riƙe numfashi.
Fes.
Shuɗin ƙwayoyi kawai, ko ɗigo babu.
Ban taɓa murnar ganin babu ba sai yau.

Sannan na ɗora na tara.
Ga shi nan, 'yan ɗigo kusa da cibiyar ƙwaya,
a tattare, daidai shagon da ake ɗinki.
Ba su da yawa. Ba su warkar da kowa ba.

Na rubuta kwanan wata da lambar kwalba,
na aika wa Belmiro kalma biyu: zo gobe.
Za mu maimaita sau uku kafin in faɗa wa kowa.
Laimata na manta a jirgin safe,
ruwa kuma bai ɗauke ba.